Sharhi: Wasiƙar I-mel Ta Hukuma Da Amanar Ƙananan Hukumominmu

Duk wanda ya yi aikin gwamnati kafin yaɗuwar na'ura mai ƙwaƙwalwa ya san irin martabar da takardar hukuma take da ita. Ba a rubuta wasiƙar gwamnati a kan kowace irin takarda, sai wadda take ɗauke da tambarin hukuma a samanta, da lambar fayil, da kwanan wata, da sa hannun jami'in da aka ba ikon sa hannu, sannan a buga mata hatimi. Masinja zai ɗauke ta tare da littafin isar da saƙo, wanda ya karɓa kuma ya sa hannu a cikin littafin domin gudun musu. Idan hakimi ko dagaci ya ga irin wannan takarda ba ya buƙatar ya tambayi inda ta fito, domin shaidarta tana jikinta.

A yau wani kaso mai yawa na wasiƙun da ke kai da kawowa tsakanin ma'aikatu da ƙananan hukumomi, da kuma tsakaninsu da hukumomin tarayya da ƙungiyoyin ba da tallafi, ta hanyar i-mel suke bi. Abin tambaya shi ne, ina tambarin, ina hatimin, ina kuma littafin masinja a wannan sabuwar hanya? Amsar ita ce dukkansu suna nan, amma an mayar da su wasu 'yan layukan rubutu da ake shigarwa a cikin uwar garke, wato babbar na'urar da ke karɓa da aika wasiƙun hukuma, da kuma cikin rajistar sunan gidan hukumar a yanar gizo. Idan an rubuta waɗannan layuka daidai, wasiƙa za ta isa inda aka aike ta, kuma zai yi wuya wani ya yi sojan gona da sunan hukuma. Idan kuwa aka yi musu riƙon sakainar kashi, to wasiƙar shugaban ƙaramar hukuma tana iya ƙarewa a kwandon shara ba tare da kowa ya sani ba. Saboda haka wannan batu ya wuce a bar shi a hannun yaron da ke gyaran kwamfuta shi kaɗai, ya zama wajibi shugabanni da manyan ma'aikata su fahimce shi.

Dalilin da ya sa batun ya taso yanzu

Abubuwa uku ne suka faru cikin 'yan shekarun nan da suka sa ya dace a sake duban lamarin. Na farko, a watan Fabrairu na shekarar 2022 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa hukumomin gwamnati yin amfani da sunayen gida na gwamnati, irin waɗanda ke ƙarewa da .gov.ng, wajen gudanar da harkokinsu, maimakon akwatunan kyauta irin na Yahoo da Gmail. Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA, wadda aka kafa a 2001 kuma dokarta ta fito a 2007, ita ce ke kula da wannan rukuni na sunaye.

Na biyu, a watan Oktoba na 2023 kamfanonin Google da Yahoo suka ba da sanarwar cewa daga Fabrairun 2024 za su tsaurara sharuɗɗan karɓar wasiƙu. Duk mai aiko wa masu akwatin Gmail wasiƙa dole ne uwar garkensa ta nuna wata shaida cewa da gaske daga gidan da ta ambata wasiƙar ta fito, wanda kuma yake aika wasiƙu 5,000 ko fiye a rana guda, sharuɗɗansa sun fi tsanani. Kamfanin Microsoft ma ya bi sahu a watan Mayu na 2025 game da masu aika wasiƙu da yawa zuwa akwatunan Outlook. Tun da yake mafi yawan mutanenmu da ke da adireshin i-mel a waɗannan gidaje suka buɗe shi, duk hukumar da ba ta cika sharuɗɗan ba, wasiƙunta ne za su riƙa maƙalewa a hanya.

Na uku, a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Ko ma ta wace hanya aka bi wajen aiwatar da hukuncin, abin da ke a fili shi ne cewa musayar takardu tsakanin sakatariyar ƙaramar hukuma da bankuna da ofisoshin tarayya za ta ƙaru, kuma duk inda ake maganar kuɗi, nan idon mazambata yake.

Yadda wasiƙa ke gane gida

Domin amfanin waɗanda ba su saba da wannan fanni ba, bari mu yi bayanin yadda abin yake. Kowane adireshin i-mel kashi biyu ne, alamar @ ta raba su. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ne ya fara amfani da wannan alama haka a 1971. Abin da ke gabanin alamar shi ne sunan mai akwati, abin da ke bayanta kuma shi ne sunan gida, wanda masana ke kira domen. Kamar dai a ce an rubuta wasiƙa zuwa ga wane, a gidan wane.

To amma na'urori ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lambarta, wadda ake kira lambar IP. Shi ya sa tun a 1983 aka ƙirƙiro wata babbar rajista da ake kira DNS, wadda aikinta shi ne fassara suna zuwa lamba. Mai karatu zai iya kwatanta ta da mai unguwa, wanda idan baƙo ya zo neman gidan wane, shi ne zai nuna masa ƙofar. Kowace ƙasa tana da nata ɓangare a wannan rajista. Na Nijeriya shi ne .ng, wanda aka buɗe a 1995, kuma ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ce ke riƙe da shi. Jamhuriyar Nijar tana da .ne, Ghana .gh, Kamaru .cm, Chadi kuma .td.

A ƙarƙashin kowane sunan gida akwai layukan da mai gidan yake rubutawa. Layin da ake kira A shi ne yake faɗin lambar na'urar. Layin da ake kira MX kuma shi ne yake faɗin uwar garken da za a miƙa wa wasiƙun wannan gida. Ana iya rubuta MX fiye da ɗaya, kowane da lambar fifiko, misali 10 da 20. Za a fara ƙwanƙwasa ƙofar mai ƙaramar lamba, idan ba a amsa ba a nufi ta biyu. Idan duka ba su amsa ba, uwar garken mai aikawa ba ta jefar da wasiƙar nan take. Bisa ƙa'idar aika wasiƙu da ake kira SMTP, wadda aka shimfiɗa tun a 1982, za ta ci gaba da gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar, sannan ta mayar da wasiƙar ga mai ita tare da bayanin dalilin da ya hana ta isa. Wannan bayani da yawancin ma'aikata ke gogewa ba tare da sun karanta ba, shi ne matsayin littafin masinja, kuma a cikinsa ake gano inda matsala take.

Kuskuren harafi ɗaya a wannan fage ba ƙaramin abu ba ne. A watan Yuli na 2023 jaridar Financial Times ta Ingila ta ba da rahoton cewa an shafe shekaru miliyoyin wasiƙun da aka yi nufin aika wa rundunar sojan Amurka, wadda adireshinta ke ƙarewa da .mil, suna karkata zuwa ɓangaren ƙasar Mali, wato .ml, saboda masu rubutawa suna mance harafi guda. Haka kuma masu amfani da wayar salula ba za su mance da ranar 4 ga Oktoba, 2021 ba, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin sa'o'i shida a duniya baki ɗaya. Kuskure ne aka yi wajen gyaran saiti a cikin kamfanin, wanda ya sa rajistar sunayensu ta ɓace wa sauran na'urori. Idan har hakan ta faru da masu ɗimbin injiniyoyi, to ina ga sakatariyar da ke da ma'aikacin kwamfuta guda ɗaya?

Tambari, hatimi da umurni

Waɗanda suka tsara hanyar aika i-mel a farkon zamani mutane ne ƙalilan da suka san juna, don haka ba su yi tanadin hana ƙarya ba. Har gobe, mutum yana iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin mai aikawa, kamar yadda kowa zai iya rubuta sunan wani a bayan ambulan. Domin toshe wannan kafa aka fito da matakai uku, waɗanda su ne ainihin sharuɗɗan da Google da Yahoo suka tsaya a kansu.

Mataki na farko shi ne SPF. Layi ne guda da hukuma ke rubutawa a rajistar sunanta, inda take lissafa na'urorin da ta yarje wa su aika wasiƙa da yawunta. Tamkar dai hukuma ta manna sunayen masinjojinta a bakin ƙofa ne, duk wanda ya zo da takarda alhali sunansa ba ya ciki, a yi hattara da shi. Ƙa'ida ce kada sunan gida ya kasance da irin wannan layi fiye da ɗaya, kuma kada binciken da ke cikinsa ya wuce sau 10. An sha ganin inda ɗan kwangila na farko ya rubuta nasa, na biyu ya zo ya ƙara wani ba tare da ya haɗe su ba, sai dukkansu suka tashi a banza.

Mataki na biyu shi ne DKIM, wanda shi ne hatimi. Uwar garke tana riƙe da wani mabuɗin sirri da take sa wa kowace wasiƙa hannu da shi, abokin mabuɗin kuma a ajiye shi a rajistar suna inda kowa zai iya gani. Mai karɓa zai gwada su, idan sun dace ya tabbata cewa wasiƙar ta gidan ce, kuma ba a sauya abin da ke cikinta a hanya ba.

Mataki na uku shi ne DMARC, wanda aka fito da shi a 2012. Wannan umurni ne da hukuma ke bai wa dukkan gidajen wasiƙu na duniya game da abin da za su yi da duk wasiƙar da ta zo da sunanta amma ta faɗi jarrabawar SPF da DKIM. Zaɓi uku ne: a bar ta ta wuce amma a aiko da rahoto, ko a tsare ta a kwandon wasiƙun banza, ko a ƙi karɓarta gaba ɗaya. Hikima ita ce a fara da na farko na tsawon wasu makonni, ana duba rahotannin da ke shigowa domin a gano dukkan na'urorin da ke aika wasiƙa da sunan hukuma, kamar ta biyan albashi da ta tattara haraji, sannan a matsa zuwa na biyu, daga bisani na uku. Wanda ya yi gaggawar kulle ƙofa, zai iya kulle 'yan gida a waje. Wanda kuma ya tsaya a matakin farko har abada, ya zama mai gadin da ke rubuta sunan ɓarawo amma ba ya hana shi shiga.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suke tafiya tare da waɗannan. Dole lambar uwar garke ta kasance tana da layin da ake kira PTR, wanda ke mayar da lamba zuwa suna, kuma kamfanin da ya ba da layin intanet ne yake shigar da shi. Ƙofa mai lamba 25 ta tsakanin uwar garke da 'yar uwarta ce, ma'aikaci kuwa ta ƙofa ta 587 ko 465 zai miƙa wasiƙarsa bayan ya shigar da kalmar sirri, ya kuma karanta ta ƙofa ta 993, dukkansu a lulluɓe yadda mai leƙe ba zai gane abin da ke wucewa ba. Uwar garken da aka bari a buɗe kowa yana aika wasiƙa ta cikinta, cikin ɗan lokaci masu yaɗa wasiƙun banza za su gano ta, sai lambarta ta shiga baƙin littafi irin na ƙungiyar Spamhaus, daga nan kuma manyan gidajen wasiƙu su daina karɓar komai daga gare ta.

Zanen aro ba ya rufe katara

A haƙiƙanin gaskiya, babbar matsalarmu ta fi ƙarfin kuskuren saiti, domin ofisoshi da dama ba su ma da sunan gida nasu. Abin da aka saba shi ne wani ma'aikaci ya buɗe akwatin kyauta da sunan ofis, ya ɗaura shi a kan lambar wayarsa, ya riƙe kalmar sirri a kansa. Marubucin wannan sharhi ya taɓa ganin sakamakon haka a wata ƙaramar hukuma da ya yi aiki. An yi wa jami'in da ya buɗe akwatin canjin wurin aiki, layin wayar da ya yi rajista da shi kuma ya ɓata. Wata ƙungiyar ba da tallafi ta aiko da takardar neman jerin ƙauyukan da ke buƙatar gyaran rijiyoyin burtsatse, ta ba da wa'adi. Ba wanda ya ga wasiƙar sai bayan da wa'adin ya wuce, lokacin da wakilin ƙungiyar ya zo da kansa yana tambayar dalilin shirun. Ba wanda ya saci ko kwabo, amma mata da yara na waɗannan ƙauyuka sun ƙara wani rani suna tafiya mai nisa neman ruwa.

Akwatin kyauta mallakar kamfanin da ya bayar da shi ne, kuma da sharuɗɗansa ake zaune a ciki. Daga watan Disamba na 2023 kamfanin Google ya fara aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar share duk akwatin mutum da aka shekara biyu ba a buɗe ba. A 2017 kuma kamfanin Yahoo ya amsa cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan akwatuna biliyan 3 da ke gidansa. Bugu da ƙari, kowa yana iya buɗe akwatin kyauta ya sa masa sunan ƙaramar hukuma cikin minti biyar ba tare da an tambaye shi wata shaida ba, alhali suna mai ƙarewa da .gov.ng hukumar gwamnati kaɗai ake bai wa.

Ofisoshin da suke da sunan gida su ma suna da tasu damuwar. Sau da yawa ɗan kwangilar da ya gina shafin yanar gizo shi ne yake riƙe da mabuɗan rajista, kuma adireshinsa ne aka rubuta a matsayin wanda za a tuntuɓa. Rajistar suna da hayar uwar garke suna da wa'adi, akasari shekara-shekara ake sabunta su. Idan gwamnati ta sauya, ko aka samu saɓani a kan biyan kuɗi, takardar tuni za ta tafi wurin wanda ba ya tare da hukumar, wa'adi ya cika, shafi da akwatuna su mutu rana ɗaya, wasiƙun shekaru su bi ruwa.

Wannan kuwa ya shafi doka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar mai neman bayani. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a gabatar da takardun da suka fito daga na'ura mai ƙwaƙwalwa a gaban kotu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk wanda ke riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Jerin sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu na banki, da sunayen manoman da za a bai wa taki, duk suna cikin irin waɗannan bayanai. Ya za a yi hukuma ta kare abin da ke ajiye a akwatin da ba ta da mabuɗinsa?

Inda abin ya shafi mutanen karkara

Mai yiwuwa manomi ko makiyayi ya ce ina ruwan biri da gada, shi da ko adireshin i-mel ba shi da shi. To amma ɗansa da ya gama sakandare yana da shi, kuma ta nan ake aiko masa da saƙon cewa an ɗauke shi aikin gwamnati, ya tura kuɗin fom zuwa wani asusu. Ta nan ake aiko wa shugaban ƙungiyar manoma takarda mai ɗauke da tambarin gwamnati cewa an ware musu buhunan taki, su biya kuɗin dako. Iyaye nawa ne suka sayar da akuya ko suka ɗebi hatsi daga rumbu saboda irin wannan takarda? Muddin ofisoshin gwamnati da kansu suna aika saƙo daga akwatunan kyauta, to babu yadda talaka zai bambanta na gaskiya da na bogi. Ranar da aka wayi gari kowa ya san cewa wasiƙar gwamnati daga .gov.ng kaɗai take fitowa, an rage wa mazambaci rabin kasuwarsa.

Su kansu ma'aji da akantoci ba su tsira ba. Akwai wata zamba da ta zama ruwan dare a duniya, inda ake shiga akwatin shugaba ko a kwaikwayi adireshinsa, a aika wa mai biyan kuɗi umurni cewa ɗan kwangila ya sauya asusu, a tura kuɗin can. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wato FBI, ta bayyana cewa ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa a kan wannan nau'i na zamba a 2023 kaɗai sun kai asarar kimanin dala biliyan 2.9. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sunan gidan da ba shi da DMARC bango ne tsagagge. Sai dai ya kamata a sani cewa waɗannan matakai suna kare ainihin sunan hukuma ne kawai. Ba za su hana wani ya yi rajistar suna mai kama da shi ba, ko ya saci kalmar sirrin ma'aikaci mai sakaci. Don haka karanta adireshi harafi bayan harafi ya zama tilas.

Hujjar masu jan ƙafa

Masu ɗari-ɗari da wannan sauyi suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Suna cewa akwatin kyauta ba ya mutuwa, alhali na hukuma yau yana aiki gobe ba ya yi. Ga ƙarancin wutar lantarki, ga tsadar man janareta, ga raunin layin sadarwa a karkara. Wannan gaskiya ce, kuma ma'aikaci ba zai rungumi abin da ke ba shi kunya ba. Ko a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, an ga yadda harkokin bankuna da ofisoshi suka tsaya cik a Nijeriya da maƙwabtanta.

Amma mallakar sunan gida ba ta nufin dole a ajiye uwar garke a ɗakin da ke bayan ofishin ma'aji. Hasali ma hakan ba shi ne abin da ya fi dacewa da ƙaramar hukuma ba. Ana iya ajiye akwatunan a cibiyar adana bayanai ta jiha, ko a wurin kamfanin Galaxy Backbone da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2006 domin samar wa hukumomi irin wannan hidima, ko wurin wani amintaccen kamfani bisa yarjejeniya a rubuce. Layin MX ne kawai za a karkata zuwa can. Idan gobe aka ga hidimar ba ta gamsar ba, sai a kwashe wasiƙu a sauya layin, adireshin hukuma yana nan yadda jama'a suka san shi. Abin lura kawai shi ne a rage wa'adin da sauran na'urori ke riƙe tsohon bayani, wanda ake kira TTL, kwana ɗaya ko biyu kafin ƙaura, kuma kada a rufe tsohuwar uwar garke sai an tabbatar komai ya koma sabuwa.

Abin da ya kamata a yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya dace kowane shugaban ƙaramar hukuma da daraktan mulki su zauna da jami'in da ke kula da na'urorinsu su nemi amsar waɗannan tambayoyi a rubuce: da sunan wa aka yi rajistar sunan gidanmu, yaushe wa'adinta zai ƙare, su wa ke riƙe da mabuɗan, kuma shin an shigar da SPF da DKIM da DMARC? Jami'in da ya san aikinsa zai iya nuna amsar a kan allon kwamfuta cikin 'yan mintuna.

Bayan haka, a buɗe akwatuna da sunan muƙami, kamar na shugaba da na ma'aji da na sashen lafiya da na aikin gona, ta yadda idan mutum ya tafi akwatin zai zauna. A sanya miƙa akwatin i-mel cikin takardar miƙa mulki, daidai da yadda ake miƙa mabuɗin ofis da motar hukuma, wanda ya karɓa kuma ya sauya kalmar sirri a ranar. A kunna tabbaci mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da wata lamba da ke zuwa ta waya. A ware kuɗin sabunta rajista da hayar uwar garke a cikin kasafin kowace shekara, a kuma riƙa ajiye kwafin wasiƙu a wani wuri na daban saboda ko-ta-kwana. A wajen biyan kuɗi kuwa, a kafa ƙa'ida cewa ba a sauya asusun ɗan kwangila bisa saƙon i-mel kaɗai, sai an kira shi ta lambar da ke cikin fayil tun asali.

A ɓangaren jiha, zai fi sauƙi da araha idan hukumar da ke kula da fasahar sadarwa ta ɗauki nauyin tsara wannan aiki ga dukkan ƙananan hukumomi a lokaci guda, ta horar da aƙalla ma'aikata biyu a kowace sakatariya, sannan a buga jerin adireshin hukuma na gaskiya a allunan sanarwa, a kuma karanta shi a gidajen rediyo.

Daga ƙarshe, muna kira ga iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata da na matasa, da su taimaka wajen wayar da kan jama'a. Duk wanda ya samu saƙon da ke iƙirarin daga gwamnati yake, ya duba abin da ke bayan alamar @ tukuna. Idan kuma an nemi ya tura kuɗi, to kada ya tura sai ya je sakatariya da ƙafarsa ya ji daga bakin jami'in da abin ya shafa. Magabatanmu a aikin gwamnati sun tsare hatimin hukuma a cikin akwatin ƙarfe, ba su taɓa barin sa a hannun baƙo ba. Hatimin wannan zamani ma yana buƙatar irin wannan tsaro daga gare mu.